Kwana Shida Babu Wuta a Cikin Ƙanƙarar Toronto

Ni a Kano na tashi, saboda haka idan ana maganar ɗauke wuta ban taɓa zaton akwai wanda zai koya mini wani abu ba. Da fitilar ƙwai na yi karatun jarrabawar gama sakandare, kuma na san yadda ake guga da dutsen gawayi tun ban kai tsawon teburin ba. Da wannan girman kan na shiga daren Asabar 21 ga Disambar 2013 a gidan da muke haya a Scarborough, gabashin birnin Toronto a ƙasar Kanada. Lokacin shekarata ta uku ke nan a ƙasar, matata kuma watanta takwas da zuwa, da 'yarmu mai shekara biyu. A ɗakunan ƙasa muke zaune, irin waɗanda rabinsu yake binne, tagoginsu na daidai da ƙafar mai wucewa. Masu gidan, wani dattijo ɗan asalin Siri Lanka da matarsa, suna sama.

Tun ranar Juma'a rediyo ke ta gargaɗi cewa ruwa mai daskarewa na tafe. Ban ɗauke shi da muhimmanci ba, don na riga na ga dusar ƙanƙara har ta ishe ni, na zaci duk kanwar ja ce. Ashe ba ɗaya ba ne. Ba kuma irin ruwan ƙanƙarar da muka sani a gida ba ne, wanda yake faɗowa kamar tsakuwa a farkon damina yara su fita tsinta. Wannan ruwa ne sosai yake saukowa, yayyafi mai laushi da ba ka ma jin ƙararsa. Abin da ke faruwa shi ne iska mai ɗumi daga kudu ta hau sama, iska mai tsananin sanyi ta kwanta a ƙasa. Ruwan ya sauko ta cikin ɗumin a matsayin ruwa, ya ratsa sanyin da ke ƙasa bai samu lokacin daskarewa a iska ba, amma da zarar ya taɓa wani abu, reshe ne ko waya ko gilashin mota, nan take ya zama ƙanƙara ya manne. Wani ya sake sauka a kansa, shi ma ya manne. Haka ya yi ta yi har kaurin ya kai milimita 30 a wasu unguwannin, wato ya fi kaurin babban yatsa.

Wajen ƙarfe biyun dare matata ta tashe ni ta ce, "Maigida, ka ji kamar ana harbi." Na kasa kunne. Ƙara ce kamar an karya busasshen kara, amma mai ƙarfi, sai kuma wani ruguguwa ya biyo baya kamar an zubar da tiren kofunan tangaran. Na leƙa ta 'yar tagarmu. Rassan bishiyoyi ne ke karyewa saboda nauyi, ƙanƙarar jikinsu tana tarwatsewa a titi. Can nesa sama na ta walƙawa, kore-kore da shuɗi, babu tsawa. Taransifomomi ne ke fashewa. Muna kallo fitilar titi ta yi ƙifce sau biyu ta mutu, firji ya yi shiru. Na ce mata ta kwanta, gobe da safe za su kawo. Har dariya na yi, na ce yau dai mun ga Turawa ma ana ɗauke musu.

Da asuba na fara gane bambancin. Na'urar ɗumama gidan da iskar gas take aiki, wannan ya sa na sakankance, amma fankar da ke hura ɗumin zuwa ɗakuna da lantarki take juyawa. Babu wuta, babu ɗumi. A Kano idan an ɗauke wuta zafi ne zai dame ka, ka ɗauki tabarma ka fita tsakar gida. A nan wajen shi ne abin gudu, cikin kuma yana ta hucewa a hankali kamar tuwon da aka bari a buɗe.

Da gari ya waye, kuma a ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa a can sai wajen takwas saura, na hau matakala na tura ƙofar gefe ta ƙi buɗuwa. Sai da na sa kafaɗa ƙanƙarar da ta liƙe ta ta tsage. Abin da na gani ba zan ɓoye ba, yana da kyau. Kowane reshe, kowane tsinken ciyawa, kowace wayar shinge an sa mata riga ta gilashi. Amma titinmu ya zama kamar inda aka yi yaƙi. Babbar bishiyar da ke ƙofar gida ta rabe biyu, rabi ya faɗa kan wayar da ke shigowa gidan, ya fizgo bututun ƙarfen da ke riƙe da ita daga jikin bango har da mitar. A lokacin ban san wannan bututun zai zame mana ƙarfen ƙafa ba.

Na tarar da dattijon mai gidan yana fama da motarsa, wadda ta koma kamar an zuba ta cikin kwalba. Ko kafar makulli ba a gani. Don in nuna ni ma mai amfani ne, na koma ciki na kunna risho da ashana, na tafasa ruwa a buta na fito da shi ina tafiya a hankali. Yana hango tururin ya ɗaga hannu biyu yana ihu in tsaya. Ya ce in na zuba ruwan zafi a gilashin da ya yi wannan sanyin, tsagewa zai yi daga wannan gefe zuwa wancan. Sai ya nuna mini yadda ake yi: a bubbuga gefen ƙofa da tafin hannu har ƙanƙarar ta tsattsage, a samu a shiga a tayar da inji, a kunna hitar motar a bar ta ta narkar da abin daga ciki, sannan a sa makankari a riƙa ɗaye shi falle-falle. Kafin ya tayar sai da ya durƙusa ya tabbatar salansa ba ta toshe ba. Mun kwashe fiye da awa ɗaya. A rediyon motar muka ji cewa gidaje da shaguna kimanin 300,000 ne babu wuta a birnin, an dakatar da duk taragon lantarkin da ke bin tituna saboda ƙanƙara ta lulluɓe wayoyinsu, har wasu manyan asibitoci biyu sun koma kan janareto. A nan dariyata ta daren jiya ta ƙare.

Kuskuren da ya fi wannan girma da la'asar na so tafka shi. Sanyi ya fara shiga ɗakin sosai, yarinya ta fara ƙananan koke-koke. Na tuna da kaskon wutar da kakata take sakawa a tsakiyar ɗaki lokacin hunturu, mu kewaye shi muna gasa hannu. Akwai ragowar buhun gawayi a bayan gida daga gashin naman da muka yi da babbar salla. Na ɗebo, na samo wani tsohon kwanon ƙarfe, ina cikin hura shi a bakin matakala da niyyar in ya yi rushi in shiga da shi, sai matar mai gidan ta leƙo. Tsohuwa ce mai sanyin magana, amma ranar ta ɗaga murya. Ta ce in ina so in kashe iyalina da su da ke sama, to in shiga da shi. Na ce mata haka muke yi a gida tun kaka da kakanni. Ta ce su ma haka suke yi a ƙauyensu, amma ɗakin kakata yana da tagar da ba ta rufuwa da ƙofar asabari, wannan kuwa an toshe kowace kafa da gangan don kada iska ta shiga. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, barci kawai za ka ji yana ɗibarka. Na kashe wutar ina jin kunya, amma can cikin raina ina ganin ta cika tsoro. Bayan kwana ɗaya ko biyu aka ba da labarin wani mutum da mahaifiyarsa a garin Newcastle, gabas da Toronto, da suka rasu saboda hayaƙin janareton da suka kunna a garejin gidansu ya shiga ɗakuna. Matata ta kalle ni ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Abin da ya cece mu a daren farko tukunyar ruwan zafin gidan ce, tsohuwar yayi mai aiki da gas kaɗai. Muka riƙa cika robobin lemo da ruwan zafi muna naɗe su da tawul muna turawa cikin bargo. Muka tattara a ɗaki ɗaya, muka toshe ƙasan ƙofa da zannuwa, muka sa wa yarinya kaya hawa huɗu da hula. Ɗakin ƙasa da nake raina wa ya nuna amfaninsa, domin ƙasar da ta kewaye shi tana riƙe ɗumi. Masu gidan ma da dare suka sauko da barguna suka kwana a falonmu.

Aikina a wani gidan kula da tsofaffi ne a North York, arewacin birnin. Irin aikin nan ne da ba a cewa yau gari ya ɓaci ba zan zo ba, saboda akwai wanda in ba ka je ba babu mai ɗaga shi daga gado ko ba shi abinci a baki. Ranar Lahadi da yamma aka kira ni, a ɗan cajin da ya rage mini, aka ce don Allah in yi ƙoƙari in zo Litinin da safe, rabin ma'aikata sun kasa fitowa. A ranar da komai ke daidai, tafiyar minti arba'in da biyar ce: in taka zuwa titin Sheppard, in hau bas zuwa tashar Don Mills, in sauka ƙasa in shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa tasha uku zuwa Bayview, in ƙarasa da ƙafa. Ƙarfe bakwai nake kama aiki. Ranar na fita ƙarfe huɗu da rabi, ban ma yi sallar asuba ba don lokacinta bai yi ba, na yi alwala na tafi da ita.

Tsakanin gidanmu da bakin titi bai wuce tafiyar minti bakwai ba. Na yi ta a minti ashirin da biyar. Duhu ne irin wanda ban taɓa gani a birnin ba, babu fitilar titi, babu ta gida, sai tocilata. Taku na biyar na ji ƙafafuna sun bar ƙasa, na faɗi ta baya, jakar bayana ce ta tare mini kai. Na kwanta nan ina kallon rassan da ke ƙara a samana, na ce lallai in ban tashi ba wani zai sauko mini. Hanyar masu tafiya a ƙasa ta zama madubi, takalmin sanyin da na saya da tsada bai da wani amfani a kai. Sai na koma taka ciyawar gaban gidajen mutane, inda akwai tsohuwar dusar ƙanƙara a ƙarƙashi: ka taka, ɓawon saman ya fashe, ƙafa ta nutse ta samu abin riƙewa. Inda babu ciyawa kuwa sai tafiyar agwagwa, ƙafafu a buɗe, taku gajere, jiki ya ɗan rusuna gaba, hannaye a waje ba a aljihu ba. Sau biyu na tarar da waya kwance a hanya cikin rassa. An yi ta faɗa a rediyo cewa a ɗauki kowace waya a matsayin mai wuta, a ba ta tazarar mita 10. Sai in tsallaka can ɗaya gefen, in zaga.

A tashar bas na tarar da mutum shida, kowa ya dunƙule. Wata mata 'yar Jamaika, ma'aikaciyar jinya, ta ga yadda nake dafa ƙugu ta tambaye ni ko na faɗi. Ta nuna mini ƙafarta: ta saka tsohuwar safar ulu a kan takalminta, ta waje. Ta ce ulun yana kama ƙanƙara. Abin ya ba ni dariya, amma washegari da safar na fita, kuma ban sake faɗuwa ba.

Bas ya zo bayan kusan minti hamsin, gabansa duk ƙanƙara sai ɗan wurin da direba ke leƙe. Na jefa kuɗin shiga, dala uku a lokacin, na samu wuri kusa da inda ɗumi ke fitowa. Wallahi ban taɓa son bas kamar ranar ba, shi ne wuri mai ɗumi na farko da na shiga cikin sa'o'i ashirin da huɗu. Babu mai magana, wasu ma barci suka yi. Tafiyar kuwa ta hawainiya ce. Duk danjojin mahaɗar hanya sun mutu, kuma doka a can ita ce idan danja ta mutu kowa ya tsaya cak, wanda ya riga isowa shi zai fara wucewa. Na zura ido ina jiran in ga yadda za a cakuɗe kamar yadda na sani, amma sai ga motoci suna bi ɗaya bayan ɗaya cikin duhu, babu ɗan sanda babu oda. Ba don sun fi kowa haƙuri ba ne, in ka tambaye ni. Kowa ya san in ya taka birki da ƙarfi motar ba za ta saurare shi ba. A wurare biyu direban ya bar hanyarsa ya zaga ta wani layi saboda itace ya tare titi.

A Don Mills muka tarar an rufe layin jirgin Sheppard gaba ɗaya, an sa bas-bas su maye gurbinsa. Jirgi ɗaya yana ɗibar abin da bas da yawa ba za su ɗiba ba, don haka layi ya yi tsawo har waje. Na biyu da ya zo ne na samu na cusa kaina. A tsaye a cikinsa lokacin asuba ya shiga. Na sauka a Bayview, na sake yin tafiyar agwagwa, na isa wurin aiki takwas saura kwata. Sa'a uku da kwata. Na yi salla a ɗakin canza kaya gab da fitowar rana, yatsuna ba sa jin carbi.

Babu wanda ya yi mini maganar latti. Ginin na kan janareto, wanda ke riƙe da hita da 'yan fitilun baranda da lif guda ɗaya. Waɗanda suka yi aikin dare tun Asabar ba su tafi gida ba, sun shimfiɗa katifu a ɗakin taro. Kowace kafar caji a ofishin ma'aikata an jona mata waya uku. Wata tsohuwa da nake kula da ita, wadda ta yi yawancin rayuwarta a Montreal, ta ga ina ba da labari da zumuɗi ta ce in zauna in ji. A Janairun 1998 aka yi musu irin wannan a lardin Kebek, inda Montreal take, da gabashin lardinmu na Ontariyo, kwanaki ana zuba shi, ƙanƙarar ta kai milimita 100 a wasu wurare, manyan turakun ƙarfe masu ɗauke da wayoyin lantarki suka lanƙwashe kamar kara, sai da aka fito da sojoji, wasu garuruwan suka yi kusan wata guda a duhu. Ta ce namu wannan ɗan ƙaramin ne. Na gyara mata bargo ina cewa a raina, Hajiya, ke kina kan janareto.

Komawa gida ta fi zuwa wahala a zuci. Kafin biyar saura kwata rana ta faɗi. Daga tagar bas sai ka ga unguwa guda tana haske, shaguna a buɗe, fitilun Kirsimeti na ƙyalli, ka tsallaka titi ɗaya ka faɗa duhu kamar an ja layi da wuƙa. Na sauka a wani kanti neman gishirin zubawa a hanya da batir da kyandir. Kantocin da ake ajiye su wayam. Mai gidanmu ya ce ko da na samu ba zai yi wani tasiri ba, gishiri ba ya narkar da ƙanƙara sosai idan sanyi ya yi tsanani, kuma an ce tsananin na tafe. Yashi muka samu muka watsa a matakala.

Na tarar da ɗakin ya ƙara sanyi, numfashi na fita kamar hayaƙi. Matata ta yi ƙoƙari, ta dafa shinkafa da wake a risho, ta fitar da kayan firiza ta zuba a kwali ta ajiye a waje, abin da ya ba mu dariya mu duka: a gida in an ɗauke wuta nama ne ke lalacewa, a nan duk duniyar ta zama firiza. Sai dai da safe muka tarar wata dabba ta yage kwalin ta yi gaba da kaza. Amma yarinya ta fara tari, kuma rediyo na cewa daren Talata sanyi zai kusa digiri 15 ƙasa da sifili. Hukumar birni ta buɗe cibiyoyin shan ɗumi a zaurukan unguwanni, da gadaje da abinci, ƙungiyar Red Cross na taimakawa. Na kawo shawarar mu je can. Matata ta yi shiru, na san abin da ke ranta: kwana a fili ɗaya da maza baƙi, ga hijabi ga shayar da yarinya ga alwala.

Sai na kira wani Alhaji da muke haɗuwa a masallacin Juma'a, Bahaushen Kumasi ne, ya fi shekara ashirin a ƙasar, yana tuƙa tasi. Ban ma gama bayani ba ya katse ni. Ya ce, "Kai yaro, tun jiya kana cikin wannan hali ba ka kira ba? Ku haɗa kaya, ga ni nan." Yana zaune a wani dogon bene a Etobicoke, yammacin birnin, ɓangarensu wuta ba ta ɗauke ba. Ya zo bayan isha, ya kwashe matata da yarinya. Da muka isa na tarar ba mu kaɗai ba ne, akwai wani iyali 'yan Nijar da wasu ɗalibai biyu. Mata a ɗaki ɗaya, maza a falo, Hajiyarsa ta ɗora tukunyar tuwo kamar ana biki. Na ci, na yi wanka da ruwan zafi a ɗaki mai ɗumi, na caja waya, amma ban kwana ba. Daga Etobicoke zuwa wurin aikina wata duniya ce, sannan mai gidanmu na buƙatar hannu.

Buƙatar kuwa ta bututun ruwa ce. Ruwa in ya daskare kumbura yake yi ya fasa bututu, kuma ba za ka sani ba sai ranar da ɗumi ya dawo ruwa ya ɓalle cikin bango, mu na ƙasa kuma mu ne zai fara cika wa ɗaki. Kwana biyun farko mun bar famfuna suna ɗiga. Ranar Talata dattijon ya ce abin ya wuce nan. Ya riƙe tocila, na durƙusa bayan tukunyar ruwan zafi na rufe babban makunnin ruwan gidan, muka bi famfo ɗaya bayan ɗaya daga sama zuwa ƙasa muna buɗewa har suka tsiyaye, bayan mun cika bokitai da tukwane. Daga nan robobin ruwan zafi suka ƙare. Shi da matarsa suka tafi wajen ɗansu, na rage ni kaɗai a gidan, da barguna biyar da rigar sanyi da takalmi a ƙafa.

A daren nan, daren jajibirin Kirsimeti, wata ƙara ta tashe ni kamar an jefa buhun siminti a kan rufi, har bango ya amsa. Na tashi da salati, na zaga gidan da tocila ban ga komai ba. Da safe a wurin aiki kowa na ba da labarin irinta. Ashe ruwan da ya jiƙa ƙasa ne ya daskare farat ɗaya da sanyin ya sauko, ya kumbura ya tsaga ƙasar. Girgizar sanyi suke ce mata. A farkon Janairu ma an sake jin ta.

Zuwa Laraba zirga-zirga ta fara komawa daidai, jirgi ya dawo, tafiyata ta ragu zuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. Abin tsoron ya koma sama: duk lokacin da rana ta ɗan fito ko iska ta kaɗa, ƙanƙara na ɓallowa daga rassa da rufin benaye da saman manyan motoci falle guda. Na koyi tafiya ido ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. A gari kuwa ana ta muhawara a kan magajin gari na lokacin, Rob Ford, da ya ƙi ayyana dokar ta-ɓaci. Ni dai a tashar bas ban ji wanda ya damu da wannan ba, tambayar kowa ɗaya ce: an kawo muku?

Ranar Alhamis da yamma motocin masu gyara suka shigo layinmu. An kawo ma'aikata daga wasu garuruwa har da lardin Manitoba, suna aiki ba dare ba rana, gemunsu duk ƙanƙara. Maƙwabta suka riƙa kai musu kofi. Wajen tara na dare fitilun titi suka kama, gidaje suka yi ta haskawa ɗaya bayan ɗaya, wani ya fito baranda yana tafi. Na ruga ciki na danna makunni. Shiru. Na sake fitowa, gidan dama da haske, na hagu da haske, namu baƙi ƙirin a tsakiya. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya haska bangonmu da tocila ya nuna mini bututun nan da reshe ya fizge. Ya ce daga turke zuwa bakin gida nasu ne, amma bututun da ke jikin bango na mai gida ne. Sai ya kira mai aikin lantarki mai lasisi ya gyara, hukumar duba lafiyar wayoyi ta amince, sannan su dawo su jona. Ya ce in sun jona a haka gobara za su haɗa mana. Gaskiyarsa ce, amma wannan daren ya fi duk sauran tsawo, domin ina kwance cikin sanyi ina jin talabijin ɗin maƙwabci.

Samun mai gyaran a makon Kirsimeti, lokacin da gidaje da yawa ke neman irinsa, sai da dattijon ya kira mutum tara. Na goman ya zo Juma'a da yamma ya yi aikin da fitilar goshi. Ranar Asabar 28 ga wata, bayan azahar, ina tsaye a kicin da safar hannu ina ƙoƙarin buɗe gwangwanin kifi, sai firji ya yi tari ya kama. Can ƙasa na ji na'urar ɗumama gida ta yi ƙas, ƙas, fanka ta tashi, warin ƙura mai ɗumi ya fito ta ramukan bango. Ba mu buɗe ruwa nan take ba. Sai da gidan ya yi sa'o'i yana ɗumama, sannan na murɗa makunnin kaɗan-kaɗan, dattijon na bin bango da kunne yana sauraren ɗiga. Wuri ɗaya ne ya tsage, ƙarƙashin wurin wanke-wanken sama, muka tara bokiti.

Alhaji ya dawo mini da iyali bayan magariba, da kular tuwo da Hajiya ta haɗo mu da ita. A bakin titi an tara rassa tsibi-tsibi sun fi ni tsawo, haka suka zauna makonni kafin a gama kwashe su. Yarinya ta shiga ɗaki ta tsaya kan ramin da ɗumi ke fitowa, rigarta na kumbura, ta ƙi matsawa. Matata ta buɗe firji ta fara fitar da abin da ya lalace tana jefawa a leda, ta ce mini gobe in na tashi daga aiki in biya in sayo madara da ƙwai, da kuma na'urar nan mai ƙara idan iskar gawayi ta taru a ɗaki, irin mai batir.